Kafintan da Duniya Ta Karkace Masa

In ka ji ta bakin Kafinta, tun da aka shimfiɗa ƙasa aka ɗaga sama ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda likitar ido ta zalunce shi ba. Wanda ɓarawo ya yashe wa ɗaki ya gode Allah, ɗaki ne kawai. Wanda ruwa ya cinye wa gona ya yi haƙuri, baɗi ma shekara ce. Shi kuwa duniya ce ɗungurungum aka ɗauka aka karkata masa, da gidajenta da bishiyoyinta da matarsa ta aure, aka bar shi shi kaɗai a miƙe kamar ƙusa a tsakiyar katako. Kuma wai mace guda, 'yar siririya mai farar riga da ƙaramar tocila, ita ta yi wannan aika-aika.

Kafinta mutum ne da ya doshi hamsin, mai ɗan tumbi da gashin baki wanda yake shafa wa baƙin rini yana cewa gado ne. A layinsu babu wanda bai san kirarinsa ba, domin shi ya yi wa kansa: Idon Mikiya.

"An ce ido ba mudu ba ne," yakan ce yana dukan ƙirji. "Ai ba su ga nawa ba ne."

Sauran kafintoci suna aiki da lebur, sandar nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da ke nuna ko abu ya daidaita. Shi nasa ƙofar shago yake tokarewa da shi. In zai kafa katako sai ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ciji leɓe, ya ce "Nan!" ya buga ƙusa. Kuma a faɗi gaskiya, aikin daidai yake fita. Abin da ya ƙara kumbura masa kai ke nan.

Sai dai mikiyar nan ta aro ce. Tun yana saurayi, abin da ya wuce tsawon hannunsa dishi-dishi yake ganinsa. A garin da ya tashi tabarau yake sawa mai kaurin gindin kwalba, yara na binsa suna "Ido Huɗu, Ido Huɗu." Da ya ƙauro wannan unguwa sai ya samu 'yan robobin nan masu taushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido, waɗanda 'yan boko ke ce wa kwantak. Ba mai ganinsu sai wanda ya sa. Ya jefar da tabarau, ya wayi gari Idon Mikiya. Masu sayar masa sun sha ce masa a riƙa cirewa kafin barci, amma ɗaki ɗaya yake kwana da matarsa, in ya cire ai asiri ya tonu. Don haka da su yake wuni, da su yake kwana, sai in sun tsufa ya shige bayan shago ya canja sababbi.

Shekara da shekaru ana haka, sai ido ya fara kai ƙara. Ya yi jajur, yana zubar da ruwa, yana ƙaiƙayi kamar an watsa masa dusar katako.

"Mikiya, kuka ka yi ne?" in ji mai shayin bakin layi, yana miƙa masa kofi.

"Ƙarfin gani ne ke fita. Ko zarto in ya cika kaifi zafi yake yi."

"To Allah ya sa kar ya yanke ka."

A gida kuwa ba a tsaya wasa ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, ko ka je asibiti da ƙafarka, ko in kira Yaya ya kai ka da tasa."

Yayan nan nata babban ɗan kasuwa ne, wanda har yau bai gama yafe wa ƙanwarsa auren kafinta ba. Bai taɓa ba shi ko gyaran kujera ba sai a 'yan kwanakin nan, da ya gina sabon kanti a bakin titi, ƙanwar ta yi ta roƙo har ya ba mijinta aikin kafa kantocin jera kaya, bango uku, daga ƙasa har sama. In aikin ya yi kyau, Kafinta ya samu shiga wurin Yaya, kuma duk 'yan kasuwar jerin nan nasa ne. In Yaya ya ji cewa mai aikinsa na da ciwon ido kuwa, magana ta ƙare. Washegari Kafinta ya tsallaka can wani ɓangaren gari inda ba wanda ya san shi, ya shiga asibitin ido.

Likitar ta haska masa ido, ta ga robobin, ta girgiza kai.

"Baba, da su kake kwana?"

"Baba kuma? Malam dai."

"To Malam, da su kake kwana?"

"Wani lokaci."

"Wane lokaci ne ba ka kwana da su?"

Kafinta ya ɗaga kai yana nazarin silin, kamar an kira shi gyara.

"Idonka ya gaji," in ji ta. "Tabarau za ka koma."

"Gara ki ƙwaƙule idon ki ba ni a leda."

Yana cikin faɗin haka idonsa ya sauka kan wani tabarau a akwatin gilashi, mai ɗan duhu-duhu, bakinsa ruwan zinariya, irin wanda manyan mutane ke sawa su ƙi amsa gaisuwa.

"Wancan fa, ana sa masa magani?"

"Ana sa masa."

Nan take dabara ta faɗo masa, har sai da ya ji tausayin mutanen da Allah bai ba su irin kansa ba. Zai sa wancan, ya ce wa unguwa na gayu ne, kuma kariya daga ƙura, domin ido irin nasa ba a barinsa a buɗe kamar tukunyar makwabta. Tabarau zai sa a gaban kowa, ba wanda zai san tabarau ne.

"Auna ni yanzu-yanzu, Likita."

"Ba yau ba." Ta jawo kujera ta zauna. "A gaban baƙin idonka akwai wata fata garai-garai mai ɗan tudu, ita ce tagar da haske ke shiga. Robar nan duk taushinta, in ta daɗe a kai dare da rana, tana hana tagar shan iska, ta kumbura ta, ta sauya mata siffa. Nan ya lotsa, can ya taso. Ka ga yadda hula ke barin shaida a goshi? In na auna ka yau, lotsattsen ido zan auna. Ka cire su, ka bar idon ya huta mako biyu ko uku ya koma yadda Allah ya yi shi, sannan ka dawo."

"Ai na gane. Kamar katakon da aka ɗaure da ɗanye."

"Ka ma fi ni sani."

"Dama."

Ta ba shi maganin ɗigawa, ya fito. Tun kafin ya kai bakin titi ya gama shari'ar a ransa. Makonni babu roba? Ya bi layi yana gaishe da awaki? Ya kai cokali kunne a gaban matarsa? Yarinya ce, karatu ne ya yi mata yawa. Idon da ya yi shekaru yana daidaita katako ba zai kasa daidaita kansa cikin minti kaɗan ba.

Ya ci gaba da sa abinsa. Ranar komawa ya tsaya a ƙofar asibitin, ya laɓe bayan wata mota, ya duba madubinta na gefe ya zare robobin. Duniya ta narke ta zama kamar an zuba ruwa a kan zane. Ya shiga yana lalube, ya ga wani abu mai kama da kujera ya zauna, sai kujerar ta ce, "Bawan Allah, cinyata ce."

Da layi ya zo kansa likita ta tambaya, "Yaushe ka cire?"

"Tun ranar da kika faɗa."

Ta sa shi gaban na'ura ta auna. Ta sake aunawa. Ta haɗa gira.

"Awon nan bai kwanta mini ba. Ka tabbata?"

"Haba Likita, ni da na girme ki zan yi miki ƙarya? Idona ne ba irin na kowa ba. Na'urarki ba ta saba ba ne."

"Ka ƙara mako guda mu gani."

Ya ce aiki na jiransa. Ya ce iyali. Ya ce amana. Ya kawo zancen marayun da bai da su. Da ta ga masu jira sun fara leƙowa ta ce, "To shi ke nan. Amma in ka ga wani abu ba daidai ba, ka dawo maza."

Ranar da tabarau ya fito, Kafinta ya watsa sauran robobinsa a kwata, ya shigo layi a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka, don kowa ya samu rabonsa na kallo.

"Iye! Mikiya an zama manya!" in ji mai shayi. "Na magani ne?"

"Magani? Ni? Rufe idon nake don kar ya yi wa mutane yawa."

Kuma tabarau ya yi daidai, garau yake ganin komai. Yaya ya yi tafiya saro kaya, ya bar masa mabuɗi. Kafinta ya rufe gaban kantin da tamfol, ya ce ba mai leƙa aikinsa sai ranar buɗewa, don ido ɗaya ne a unguwar ya isa ya duba shi, kuma yana ciki. Ya gama bangon farko yana fito.

Abin da bai sani ba, ko ya sani ya ƙi sani, shi ne tagar idon nan da ta samu sarari ta fara komawa siffarta sannu a hankali. Tabarau kuwa a kan lotsattsen ido aka yanka shi. Kullum ido na warkewa, kullum tabarau na ƙara zama na wani mutum dabam.

Da teburin mai shayi aka fara. Wata safiya Kafinta ya zauna, ya ƙura wa teburin ido, ya yi tsaki.

"Wa ya yi maka teburin nan?"

"Kai."

"To wani ya taɓa shi. Ya karkace."

"Ni ban ga karkata ba."

"Da kana gani ai da ba shayi kake sayarwa ba. Kawar da kofunan."

Ya zaro zarto ya rage ƙafafun dama. Ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce "Nan!" Mai shayi ya ajiye gwangwanin madara, gwangwani ya kama hanya ya sauka ƙasa. Kafinta ya ce ƙasar wurin ce ba daidai ba, ya rage na hagu. Ya duba, ya ga an koma gidan jiya, ya sake rage na dama. Kafin rana ta ɗaga, masu shan shayi a tsugune suke, teburin ya dawo iya gwiwa, mai shayi na riƙe da buta yana kallon ƙafafun teburinsa guntu-guntu a ƙasa.

"Haka ake yayi yanzu," in ji Kafinta. "Kada ka gode mini, zumunci ne."

Da yamma ya shiga gida, matarsa ta kawo masa ruwa. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Gyara tsayuwarki."

"A miƙe nake."

"Kafaɗarki ta hagu ta sauka. Kai, har bakinki ma ya ɗan bi ta."

Ta ajiye kofin a hankali. "Bakina ya karkace?"

"Kaɗan. Ba kowa zai lura ba, sai mai ido."

"To karkataccen baki ba ya ɗanɗana miya, karkatacciyar kafaɗa ba ta ɗaga tukunya. Mai ido ya ci idonsa."

Ran nan Kafinta da ruwa ya yi abincin dare.

Bayan kwana biyu abin ya girma. Kafinta ya fara tafiya yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai hawan matakalar da ba kowa ke gani ba, jikinsa na janye shi gefe kamar ƙaguwa. Kansa na sarawa, ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Maganar likita ta faɗo masa, ya kore ta kamar ƙuda. In ya koma ai sai ta sake tambayar nan tata. Kuma ma, yaushe aka taɓa jin ido ya yi kuskure duniya ta yi daidai?

Da hantsi ya fito daga ɗaki ya dubi katangar gidan hayar da suke ciki, ya ɗora hannu a ka.

"Jama'a ku fito! Katanga za ta faɗi!"

Kafin ka ce kwabo, 'yan haya sun cika titi da katifu da tukwane da yara. Wata ta fito da kaza a hammata, ta manta da jaririnta, ta koma da gudu. Aka kira maginin da ya yi katangar, wanda shi ne kuma ya gina kantin Yaya. Ya zo da gumi, ya ɗora lebur a kai, ɗigon ruwa ya zauna a tsakiya daram.

"Ga shi nan, Kafinta. Duba da kanka."

Kafinta ya leƙa. "Lebur ɗinka ma ya karkace."

"Katanga ta karkace, lebur ya karkace. Ni fa?"

"Tun da ka tambaya, kai ma."

Da ƙyar aka raba su. 'Yan haya suka mayar da kayansu suna Allah ya isa, magini ya tafi yana cewa akwai ranar ƙin dillanci.

Kafinta bai damu ba. Annabawa ma an ƙaryata su, balle kafinta. Ya koma bayan tamfol ya ci gaba da aiki, yana mamakin yadda magini ya lalata ginin Yaya, don kullum ya shigo sai ya tarar da ƙasa ta ƙara gangarewa. Bangon farko ma da ya yi da hannunsa ya fara sunkuyawa, amma ya ce laifin gini ne, ba zai ɓata ƙusa a kai ba. Ya dage ya sa sauran kantocin su fito daidai duk da haka. Ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, "Nan!" Ya gama bango na biyu. Ya gama na uku.

Ranar buɗe kanti titi ya cika. Yaya ya dawo da motar kaya shaƙe, ya sha babbar riga, 'yan kasuwar jerin na tsaye a bayansa. Ga mai shayi, ga magini ya harɗe hannu, ga matar Kafinta cikin mata. Kafinta ya sa sabuwar riga, ya goge tabarau, ya tsaya gaban tamfol ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ginin nan da matsala, ba zan kama suna ba. Amma na rufa wa mai shi asiri da katako. Abin da za ku gani, babu lebur a ciki, babu igiya. Ido ne zalla."

Ya fizge tamfol.

Jama'a suka leƙa ciki. Bangon farko lafiya lau, ba wanda zai kushe shi. Mutane suka juya na biyu, sai kawunansu suka ɗan kwanta gefe guda, gaba ɗaya, kamar ciyawa a iska. Suka juya na uku, wani tsoho hularsa ta faɗi.

"Mijin ƙanwata," in ji Yaya a hankali, "kanta ce wannan ko wurin sulun yara?"

"Yaya, idonku ne ya saba da karkatattun abubuwa. Yau kuka fara ganin daidai, dole ya ba ku tsoro. A ba ni lemo ɗaya."

Aka miƙo masa lemo daga mota. Ya ɗora a kantar sama ta bango na uku. Lemo ya yi ɗan jim kamar mai neman izini, sannan ya kwasa a guje, ya dira ƙasa, ya fice ta ƙofa ya tsallaka titi.

"Lemon ne bai da kunya," in ji Kafinta. "Zagayayyen abu ba ya shaida. A kawo mai gindi."

Aka kawo gwangwanayen madara. Ya jera su a tsaye, suka tsaya. Ya juyo yana murmushi ya buɗe hannuwa. A bayansa na farko ya fara jan gindi, ya tura na biyu, na biyu ya tura na uku, suka bi juna a layi kamar masu fita daga makaranta, suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kwal, kwal, kwal.

Magini ya ce, "Su ma ba su da kunya?"

"Nauyi ne bai isa ba! Kanta irin wannan kaya take so, ba wasa ba!"

Kafin Yaya ya buɗe baki, Kafinta ya sungumo kiret-kiret na ƙwai ya ɗora, ya ɗauko jarkar man girki ya dangwara a gefensu don ta tare. Jarka ta dubi gangara, gangara ta dube ta. Ta tafi, ta tafi da ƙwai, murfinta ya fice a hanya. Kafinta ya yi tsalle zai tare, ƙafarsa ta sauka a inda ido ya ce masa ƙasa take, ƙasa kuwa ba ta nan. Ya taka mai, ya yi sama, ya dawo ya zauna cikin ƙwai. Tabarau ya tashi ya faɗi gaban magini.

Magini ya ɗauka, ya goge da bakin riga. "Bari mu ɗana gayun manya," ya ce, ya maƙala.

Sai ya yi tangal-tangal ya rungume ƙofa. "Wayyo! Ƙasa ta tafi! Ku riƙe ni!"

Mai shayi ya karɓa ya sa, ya dubi titi, ya ƙwala ihu. "Ga shi nan! Wallahi haka ya ga teburina!"

Tabarau ya shiga hannun jama'a. Duk wanda ya sa sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya nemi abin kamawa. Masu dariya har da zama a ƙasa. Daga ƙarshe Yaya ya sa, ya dubi bango na uku, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. A cikin nan kantar daidai take." Ya cire. "Sai dai in raba wa ƙwai da gwangwani tabarau su ma. Ba ka ce na gayu ba ne?"

Kafinta na zaune cikin ƙwai yana ƙifta ido, bai ga ko wanda ke magana ba. Matarsa ce ta matso.

"Yaya, ai ba ya gani. Roba yake mannawa a ido tun kafin mu haifi na fari."

"Ke! Kin sani?"

"Maigida, mutumin da ke rarrafe a bayi yana shafa ƙasa yana 'ina kika shiga, ina kika shiga,' me zan ce yana nema? Na ga abin yana faranta maka rai, kuma bai rage mini cefane ba, na bar ka."

Wani ya ce daga baya, "Ashe mikiyar jemage ce." Aka sake fashewa.

A nan ne Kafinta ya miƙe, ƙwai na ɗiga daga rigarsa, ya fara ƙarar da har yau bai gama ba. An cuce shi. An haɗa baki da shi. Likitar ido ce ta ba shi tabarau mai karkata duniya, ta ɓata masa suna, ta ɓata dukiyar Yaya, ta raba shi da abincin dare. Shi marar laifi ne kamar jariri.

Yaya ba ya wasa da dukiyarsa. "Likita ce ta yi wannan? Ku hau mota."

Aka hau motar kaya, da Yaya da magini da mai shayi da matar Kafinta da duk wanda ya samu wurin tsayawa. Kafinta bai so tafiyar ta yi sauri haka ba. A hanya ya ce ko a bari sai gobe, zuciya ta huce. Ya ce asibitin ma ƙila sun tashi. Ya ce shi mai yafiya ne. Yaya ya ce shi ba mai yafiya ba ne.

Suka cika ɗakin likita. Yaya ya buga tebur, ya ce yau sai hukuma ta rufe wurin nan, sai an karɓe mata takardar aiki. Likitar ta bari ya gama. Mai shayi ya nuna mata hoton kantocin a wayarsa, ta duba bango ɗaya, biyu, uku, ta danne dariya da ƙyar. Ta zaunar da Kafinta gaban na'ura ta auna.

"Idonka ya kusa komawa daidai, Malam. Ga shi ma a hoton, bango bayan bango, yadda yake warkewa. Awon yau dabam, na ranar nan dabam. In ni na yi kuskure, Alhaji ya kai ni duk inda zai kai ni. Tambaya ɗaya ce. Ranar da na auna ka, yaushe ka cire robobin?"

Kafinta ya ce a ba su wuri, maganar likita da marar lafiya sirri ce. Ba wanda ya motsa. Ya ji Yaya na latsa waya yana neman lambar wani babba. Ya dubi farin abin da yake zaton likitar ce, 'yar mutane da ta ce masa ya ƙara mako guda.

"To... ba a cika makonnin ba."

"Nawa aka yi?"

"A ce mako ɗaya."

"Maigida," in ji matarsa.

"Kwana uku."

"Ƙara ragewa," in ji mai shayi. "Kamar ƙafar tebur."

"Da safen ranar."

Likita ta ci gaba da kallonsa.

"A bakin ƙofa," in ji Kafinta. "Bayan wata jar mota. Amma sai da na ɗan tsaya na sha iska kafin in shigo."

Ɗakin ya ɗauki ihu har masu jiran layi suka leƙo. Yaya ya mayar da waya aljihu, ya ba likita haƙuri. Ita kuwa ta ce tabarau na gaba sai ido ya gama zama, kuma wannan karon matarsa ce za ta kawo shi, ita za a tambaya.

Kafinta ya ga babu sauran wurin ɓuya. Ya miƙe ya gyara rigarsa mai ƙarnin ƙwai, domin ko faɗuwa za a yi a yi ta da fasali. Ya nufi wani dogon abu mai faɗin kafaɗa a kusurwar ɗakin, ya durƙusa har ƙasa, ya kama bakin rigar.

"Yaya, ni na ja. Ni na cire a bakin ƙofa, ni na rantse, ni na buga kowace ƙusa. Ba likita, ba magini, ba lemo. Ka yafe ni, zan kwance kantar nan in sake ta da hannuna."

Abin da ya durƙusa wa sandar rataye kaya ce, da farar rigar likita a jikinta.

"Ita ta yafe maka," in ji Yaya daga bayansa. "Ni ina nan, kuma kantata na jiranka."

"Na sani," in ji Kafinta, bai juyo ba. "Da ita nake fara gwadawa."